Tafiyar Hajara a Hannun Bawa

Shekara tara ke nan da muka kai Bawa makwancinsa, amma sai bana na san yawan abin da muka rufe tare da shi. A ranar na ɗauka aboki na binne, kuma suruki, tun da yayan matata Hajara ne. Ashe akwai wani abu na Hajara da yake ajiye a hannunsa na dama, ba a gidana ba, ba kuma a cikin kaina ba. Ku yi haƙuri da ni, tsoho ne ke rubutu, sai na ɗan kewaya kafin in iso.

Bawa mai gyaran keken ɗinki ne a tsohuwar Zongo ta cikin garin Lome, tun kafin a rushe ta a kwaso mu nan bayan gari. Wani Bature da zai koma ƙasarsu ya bar masa akwati, a ciki akwai ƙaramin majigi da ake juyawa da hannu, da na'urar ɗaukar hoto ita ma ta hannu, da gwangwanaye cike da tsofaffin finafinai marasa magana. Ko a lokacin kayan sun tsufa. Gidajen silima na gari suna nuna masu launi da waƙa da rawa, wa zai tsaya kallon mutane baƙi da fari suna motsa baki ba sauti? Samari suka laƙaba masa Bawa mai silimar bebaye. Bai damu ba, har amsawa yake yi.

Bayan magariba yakan rataya farin zane a bangon tsakar gida. Ku da kuka san Zongo kun san ba ƙabila ɗaya ba ce: ga mu Hausawa, ga Zabarmawa, ga Kotokoli, ga Yarbawa, ga matan Mina da suka tashi daga kasuwa suka tsaya da tirensu a ka. Idan ƙaton mai gashin burodi na cikin fim ya zame ya faɗa cikin kwaɓinsa, lokaci ɗaya tsakar gidan ke fashewa da dariya. Idan matar masunci ta tsaya bakin teku tana duban ruwa, jirgin mijinta bai dawo ba, lokaci ɗaya kowa ke yin tsit. A gidan silima kuwa, inda ake Faransanci, 'yan makaranta ne ke fara dariya, sauran mutane su yi ta zungurinsu suna tambaya, me ya ce? Me ya ce? Bawa ya tsani wannan tambaya.

Ni na yi boko, ina aikin akawu a tashar jiragen ruwa, don haka idan rubutu ya fito a tsakanin hotuna ni ke karantawa in fassara. Ina ji da wannan matsayi, ba zan ɓoye ba. Shi kuwa da na ja zance sai ya ce, "Akawu, don Allah rufe mana baki. Dubi idonta mana! Wanda ya rubuta wannan bai san rabin abin da take faɗa ba."

Daga baya, idan an ce za a nuna wa ɗalibai tsofaffin finafinai a wani zaure a cikin gari, mukan je mu zauna a baya kamar iyayen wani. A can muka ga na farkon shigowar sauti. Bawa ya yi ta tsaki. Ya ce in duba yadda 'yan wasan suka taru wuri ɗaya suka sandare, kowa ya karkata wajen tukunyar furen da ke kan tebur, lalle a ciki aka ɓoye abin ɗaukar maganar. Mutanen da jiya suke tsalle suna hawa bango, yau an ba su murya sun kasa ɗaga ƙafa. Amma a hanyar dawowa ya ce akwai abin da ya taɓa shi. Wannan shuuu da ke bayan maganar, kamar yayyafi a kan kwano, da yadda suke furta kowace kalma a tsorace, kamar wanda ya yi sallama a gidan da bai tabbata da mutane a ciki ba. Ya ce waɗannan ma abin tausayi ne, zai iya zama da su.

Abin da ba ya iya zama da shi shi ne sauri. Ranar da ya fara ganin fim marar magana a talabijin, mutane suna zirga-zirga kamar tururuwar da aka watsa wa ruwan zafi, tashi ya yi tsaye. "Ƙarya ne! Ba haka suke tafiya ba!" Ya bayyana mini cewa da hannu aka ɗauki waɗannan hotuna, a hankali, injin zamani kuma gudu ɗaya ya sani, shi ya sa yake mayar da dattawa mahaukata. Ya ce, "Duk mutanen nan sun mutu, Akawu. Ba mai kare musu mutunci sai wanda ke juya majigin." Idan zai nuna fim, idonsa na kan abin da ke faɗuwa, hula ko ruwan da ake zubawa, har ya ga ya faɗi yadda abu ke faɗuwa a duniya. Sannan ya san hannunsa ya daidaita.

Da raɗe-raɗin rushe unguwa suka yi ƙarfi, ya samo ɗanyen fim naɗi guda a wurin wani ma'aikacin jirgi, ya ɗauki lungunmu. Ƙofar masallaci, rumfar mahauta, layin famfo. Sai Hajara. Ta ɓullo daga bakin lungu da goyo a baya da kwano a ka, ta taho, ta hango yayanta, ta yi dariya, ta faɗi wata magana, ta ja gefen mayafi ta rufe fuska ta wuce. Shi ke nan. Bai kai tsawon alwala ba.

Damina ta farko da muka yi a sabuwar unguwa, ruwa ya kwanta mana har ƙofar ɗaki, zazzaɓi ya ɗauke Hajara. Goyon da ke bayanta a hoton, 'yarmu Balaraba, ko yaye ba a yi mata ba. Gwaggonta ta tafi da ita Sokode, can ta girma, can ta yi aure.

Tun daga lokacin, idan abin ya taso mini, sai in je shagon Bawa bayan la'asar in zauna ba tare da na ce komai ba. Shi ma ba ya tambaya. Ya ture keken da yake gyara, ya rufe ƙofa, ya rataya bargo a taga. Matsalar naɗin nan ita ce ranar da ya ɗauka hannunsa bai tsaya a gudu ɗaya ba. Da ya hango ƙanwarsa ya ɗan yi sauri, da ta yi dariya shi ma ya yi dariya hannun ya yi sanyi, sannan ya farga ya ƙara. Don haka wurin nunawa sai ya maimaita duk wannan, ya ja a nan ya sassauta a can. Yakan yi, kuwa. Sai in ga Hajara ta taho, ita ɗin dai, yadda take tahowa idan na hango ta daga shagon mai shayi. Wallahi har sanyin kunyar nan ta farkon aure nakan ji.

Na taɓa karɓar mariƙin majigin in gwada. Ban yi nisa ba ya ƙwace. "Kai, sake! Za ka karya mata ƙugu." Muka yi dariya, ban sake taɓawa ba, shi ma bai sake ba ni ba. Me ya dame ni? Bawa na nan, shago na nan. Haka muka yi ta yi har gashinmu ya yi fari.

Ciwonsa bai yi tsawo ba. Bayan rasuwarsa akwatin ya koma ƙarƙashin gadon ɗansa Nasiru, danshin teku kuma ba ya raga wa komai a garin nan. Da aka buɗe bara, wani warin tsami ne ya bugi hancinmu. Finafinan Baturen duk sun narke sun manne, sun zama curi kamar daddawa. Mai burodi, matar masunci, duk sun tafi. Nasiru ya yi ƙoƙari, Allah ya yi masa albarka, ya ruga da naɗin Zongo wurin wani mai kwafe tsofaffin hotuna a unguwar Kakabeli, aka samu aka juye shi kafin ya ƙarasa ruɓewa. Naɗin kansa bai sake shiga majigi ba, yana taɓuwa yake karyewa.

Kafin mako ya zagayo hoton ya shiga wayoyin unguwa. A gudun inji aka juye shi. Wani ɗan albarka kuma ya ɗora masa kiɗa. Ina zaune a ƙofar masallaci na ji samari suna ƙyaƙyatawa, ɗaya ya miƙo mini wai in ga mutanen da. Na ga mahauta suna sara kamar masu faɗa da aljanu, na ga matata ta fito fit-fit-fit kamar zabuwa, ta girgiza kai, ta ɓace. Ban yi musu faɗa ba. Ba su san ko wace ce ba, kuma in gaskiya za a bi abin yana da ban dariya. Gida na koma na kwanta da rana tsaka, abin da ban saba ba.

Nakan tambayi kaina me Bawa zai ce da wannan zamani. Yara suna sauraren saƙon muryar uwarsu a ninke don kada ta ɓata musu lokaci. Ɗan zemijan, wato ɗan acaba, yana tuƙa babur da hannu ɗaya yana shafa waya da ɗayan. Kowa na da na'urar ɗaukar hoto a aljihu, har gawa ake ɗauka a makara, amma ban ga mai tsayawa ya kalli fuska ɗaya har ta gama abin da take faɗa ba. Ina jin ba zai yi dogon wa'azi ba. Tsaki zai yi ya koma kan kekensa.

Bana Balaraba ta dawo Lome da zama, bayan rasuwar mijinta. Mace ce mai jikoki yanzu, ta ninka shekarun da uwarta ta yi a duniya. Sau ɗaya ta taɓa ganin naɗin a hannun kawunta, tana budurwa, ta ce hawaye bai bar ta ta ga komai ba. Ran nan bayan azahar ta shigo ɗakina da wayarta, ta zauna a ƙasa kusa da ƙafata. Ta sa an cire kiɗan. Ta nuna mini wani layi a ƙasan hoton, idan ka ja shi hagu tafiyar ta yi sanyi, idan ka ja dama ta yi sauri.

Ta ce, "Baba, zan riƙa ja a hankali. In na zo daidai tafiyar Inna, ka ce in tsaya."

Na sa tabarau. Na yi murna ma, na ce yau za a wanke wa Hajara wannan wulaƙanci. Ta fara ja. Zabuwar ta zama mace mai sauri, kamar ta bar tukunya a wuta. Ta ƙara ja, ta zama mace mai yanga. Ta ƙara, ta zama mai ciwon ƙafa. Na nemi abin da ke faɗuwa, irin dabarar Bawa, babu. Bango ne kawai da mace da goyo. Kuma in farkon lungun ya yi kama da daidai, wurin dariyar sai ya lalace.

"Nan ne, Baba?"

Na ce ta koma baya. Ta koma. Na ce ta ƙara gaba. Na rufe ido don in hango ta a raina in gwada da na wayar, sai na tarar babu abin gwadawa. Ina da fuskarta, ina da launin mayafin da hoton ma bai nuna ba, amma ƙafafun ba sa motsi. Duk shekarun nan ba ni ke riƙe da tafiyarta ba, zuwa kawai nake yi a nuna mini. Tsoro ya kama ni irin wanda ban ji ba ko a ranar da aka fito da gawarta.

Na ce, "Balaraba, ban sani ba."

Ta ɗago kai ta dube ni. Sannan ta ce, "Baba, ba ni da wanda zan tambaya bayanka. Ko ƙarya ce ka faɗa mini."

Ta sake ja daga farko. Da ta zo wani wuri a tsakiya na ce nan ne. Ta ajiye shi a haka, ta kalla har sau nawa, ta ce ashe Inna natsattsiya ce. Da yamma ta tura wa 'ya'yanta da jikokinta.

To, me ya rage na Bawa bayan shekara tara? Majigin yana nan a wurin Nasiru, yana juyawa sumul, ba abin da za a sa masa. Akwai tsofaffi kaɗan a unguwar nan da har yanzu in sun ga tsohon fim yana gudu a talabijin sukan ce ƙarya ne, ba haka suke tafiya ba, kuma a bakinsa suka ji. Ni ma ina cikinsu, na iya gane ƙaryar daga nesa. Gaskiyar ce ban iya dawo da ita ba, shi kaɗai ya iya, bai kuma bar wa kowa ba.

Allah ya jiƙan Bawa, ya jiƙan Hajara, ya yafe mana. Jiya ƙaramar jikar Balaraba ta ɗora kwano a ka tana zagaya tsakar gida, wai tana kwaikwayon tafiyar kakar uwarta yadda ta gani a waya. Kowa ya yi ta tafa mata. Suka juyo suna tambayata ko ta iya, na ce ta iya.