Birki a Dama

A ƙarƙashin teburin maƙwabcinmu na fara hango su: matakai biyu baƙaƙe masu sheƙi, ga sitiyari a sama, irin na wasan tseren mota a kwamfuta. Maƙwabcin ma'aikaci ne Kirista, an canza masa wurin aiki daga Talata Mafara, sai ya bar wa Yayana su. Lokacin na cika kaina da littattafan soyayya, nan take na ga Yaya cikin farar shadda yana fitowa daga mota, ƙamshin turare na binsa.

Shi burinsa bai kai nan ba. Kawunmu ya ce in ya iya tuƙi kafin a cire albasa, zai ba shi akori-kurarsa ya riƙa ɗauko kaya daga gonakin Bakolori.

Kwamfutar Yaya ta karɓi sitiyarin, amma wasan tseren ya juya matakan. Ka taka na dama, mota ta tsaya. Ka taka na hagu, ta zabura. Ya sauke wannan, ya goge wancan, data ta ƙare, wuta ta ɗauke. Har garin Bakura ya kai su wurin mai gyara, mutumin ya jujjuya wayar matakan ya ce, "Wanga da wanga ba 'yan gida guda ba ne."

Da ya gaji, sai ya bi su yadda suke. Kullum bayan la'asar yana cin tsere, ina yi masa guɗa.

"Yaya, ka tashi da ni mu tafi Maradun!"

"Ke da ko keke ba ki hawa? Matsa, kin tare min hanya."

Ranar gwaji ina cikin bodin motar Kawu, zaune kan buhu. Kawu ya nuna masa komai, ya ce ya gane. Muka kama gefen magudanar ruwa a hankali, sai ga jaki.

"Birki!" in ji Kawu.

Ƙafar Yaya ta tafi dama, inda ta saba, ta danne totur. Muka tsinci kanmu cikin albasar wani, laka har gwiwa.

Kawu ya dube shi. "Ɗana, wa ya koya maka?"

"Kwamfuta."

"To, ita ka je ka ɗauko wa kaya."

Shekaru sun wuce. Yaya yana ɗinki yanzu a bakin kasuwa, da keke mai mataki ɗaya. In an ɗauko shi a mota, baya yake zama, ya naɗe ƙafafunsa.