Tanti Mariyama ta riga mu gidan gaskiya

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Ina tsaye bakin hanya da safen nan ina jiran kabu-kabu, waya ta shigo. Wai Tanti Mariyama ta faɗi bayan sallar asuba a gidanta na Tsarnawa. Kafin a samo mota, rai ya yi halinsa.

Har yanzu ban zauna ba. Na tafi aiki haka nan, don babu wanda zai karɓe ni.

Ga waɗanda ba su san ta ba, ita ce babba cikinmu ma'aikatan jinya a ɗan asibitin da nake aiki kusa da Konni. A wurinmu, in za a ɗauki sabon ma'aikaci, bayan manyan buro sun gama nasu intabiyu, sai a turo shi wurin waɗanda za su yi aiki tare da shi, su ma su yi masa tambayoyi. A can na fara ganin ta.

Ranar daga Tajaye na taso. Na riga na gaji da yawon neman aiki, dosiyen takarduna har ya yi laushi a hannu. Sauran suka yi ta tambaya ta kan allura da ƙarin ruwa, ita tana kallona kawai. Can sai ta ce:

"Ɗiyata, in yaro ya rasu hannunki, uwar ta tashi ta zage ki, mi za ki yi?"

Na ce zan yi shiru. Sai kuma bakina ya suɓuce na ce wataƙila in zagaya bayan ɗaki in yi kuka.

Ta ce, "In kin ƙare kukan, kina dawowa?"

Na ce ina dawowa.

Ta juya ga sauran ta ce, "Ni dai na ƙare."

Haka na samu aikin nan.

Ba mai yawan fara'a ba ce, kada in yi mata ƙarya. Tana faɗa. Amma damina ta farko da masassara ta cika mana ɗakuna har ana kwantar da yara a tabarma, ita ce take turo mini fura ta ce in sha a tsaye. Da mahaifina ya kwanta ciwo, ta riƙe mini gardi, wato aikin kwana, ba tare da ta gaya wa kowa ba.

Satin da ya wuce muka zauna tare, wannan karon ni ma ina cikin masu tambaya. Mun daɗe muna roƙon a ƙaro mana hannu. Ƙafafun Tanti sun kumbura, ta cire takalmi ƙarƙashin tebur.

Wata mata ta shigo daga Badaguishiri, Hassana, da goyo a baya. Ɗan ya hau kuka, ta rikice, amsa ta gagare ta. Tanti ta miƙa hannu ta karɓe shi, ta ɗora a kafaɗa, ta ce, "Ci gaba, muna jin ki."

Da ta fita, wasunmu suka ce mai goyo ba za ta iya gardi ba, nauyin a kanmu zai dawo. Gaskiya kowa ya gaji, ba mugunta ba ce. Tanti ta ce, "Mu da kuka tarar nan, da goyo muka yi shi. Ku duba hannunta, ku bar bayanta."

Aka ɗauke ta.

Da za mu rabu na ce, "Tanti, don Allah ki je a duba hawan jinin nan, ki huta." Ta ce, "Bari sabuwar ta kama aiki tukuna."

Yau ce ranar kama aikin Hassana. Ta iso da farar rigarta a goge, ta gaishe mu, ta ce ina Tantin da ta riƙe mata yaro, tana so ta fara gaishe ta.

Ni aka bar wa faɗa mata.

Ta zauna bakin benci. Sannan ta tashi ta tambaye ni wane ɗaki za ta fara.

Anjima bayan azahar za a kai Tanti makwancinta. Ya Allah, ka ga gajiyar baiwarka. Ka gafarta mata, ka yalwata kabarinta, ka hutar da ita hutun da ba ta samu nan ba. Ka ba 'ya'yanta haƙuri, mu kuma ka ba mu ƙarfin ci gaba.

Duk wanda ya karanta, ko bai san ta ba, don Allah ya sa Mariyama cikin addu'arsa ta yau.