Sunan da Na Kasa Faɗa a Bakin Kogin Mungo

Ranar Laraba ce, kwana kaɗan bayan ƙaramar Salla, shekara guda kafin Sarauniyar Ingila ta zo Najeriya. Muna Duwala, a ƙasar da Faransa ke mulka, a unguwar Hausawa. Shekararmu tara da barin Lafia. Maigidana mahauci ne, ni kuma ina suyar ƙosai a ƙofar gida.

Da jirgin ƙasa ya yi kukan ƙarfe bakwai, na riga na sayar da rabin ƙullu. Yarinyar tana zaune a kan turmi tana duba lallen Sallarta da ya fara kodewa. Shekararta bakwai. Ita ce 'yar farina, kuma ita kaɗai Allah ya ba ni. Maƙwabciyata Ngodoo, 'yar Tibi daga wajen Obi, ta zo da kwanonta tana tsokanata: "Ƙosai naka yau ƙarami ne, wake ya yi tsada?" Na ƙara mata biyu don ta rufe min baki.

Ƙarfe uku muka ji ihu daga wajen kasuwa. Sai bindiga. Da farko ɗaya-ɗaya, daga baya ba tsayawa. Rigimar 'yan ƙasa ce da Faransawa, mu ba ruwanmu, amma harsashi ba ya tambaya. Kafin la'asar mahauta huɗu suka shigo da Maigidana a kan ƙyauren shago. Yana rufe teburinsa aka same shi a wuya. Aka binne shi kafin magariba, ana sauri.

Ranar Juma'a wuta ta tashi a unguwa. Na ji kwanon rufi yana ƙara, na ji sojoji suna dukan ƙofofi da gindin bindiga. "Ku fita! Ku fita!" Na janyo gwangwanin da ke ƙarƙashin gado, na zaro fasfon Maigida na ɗaura a ƙugu. Na kama hannun yarinyar. Ngodoo tana gaba, muna binta. Muka haye gada da ƙafa, muka kwana a rumfar masu kifi. Da asuba wata motar ayaba ta kwashe mu.

Ƙarfe goma na safiyar Asabar muka isa kogin Mungo. Tsallakensa ƙasar Ingilishi ce, hanyar gida ke nan. Ga kwalekwale, ga ruwa, ga ɗaya gaɓar ina hangowa. Amma ba mai shiga sai an buga masa hatimin fita. Rumfar kwano ce da tebur ɗaya: Bature jandarma, wato ɗan sandan Faransa, da akawunsa, da wani tafinta mai Hausa kamar yana tauna tsakuwa.

Muka bi layi cikin ruwan sama. Ƙarfe sha biyu Bature ya tafi cin abinci da hatimin a aljihu. Bai dawo ba. Lahadi aka ce ba aiki. Haba! Wutar da ta ci gidajenmu ta san ranar hutu ne? Muka kwana biyu a gindin bishiyar roba muna cin ɗanyar ayaba.

Litinin ƙarfe biyu layi ya zo kanmu. Takardar Ngodoo lafiya lau. Aka buga mata, soja ya tura ta cikin kwalekwale. Ta ce za ta jira ni, aka daka mata tsawa. Ita ce ta yanke wa yarinyar cibiya da hannunta, ga shi tana tsakiyar ruwa lokacin da na miƙa fasfo.

Akawu ya dubi hoton, ya dube ni. Ina mai fasfo? Na ce ya rasu. Ina takardar mutuwa? Wallahi da ba don bindiga ba, da na gaya masa baƙa. Mutumin da aka binne ana gudu, wa zai tsaya rubuta masa takarda? Suka yi ta yarensu. Can tafinta ya ce an yarda ni in wuce, tunda a ofishin Di'o na Lafia an rubuta a fasfon cewa Maigida yana da mata ɗaya. Amma ba a rubuta yaro ba. To ina za a rubuta ta, tun ba a haife ta ba aka yi fasfon?

Bature ya nuna ta da alƙalami. Tafinta ya ce, 'yarki ce?

Na sunkuyar da kai.

Ku da kuka taso yanzu ba za ku gane ba. A gidanmu mace ba ta buɗe baki gaban maza ta ce wannan 'yar farina ce. Ba ta kama sunanta. Balle ita da ta ci sunan uwar Maigida. Shekara bakwai "ke" nake ce mata, ko "yarinyar nan". Kunya ce, da ita aka raine mu, har yabona ake yi a kanta.

Tafinta ya ce, mene ne sunanta? Bakina ya yi nauyi. Ba daɗewa na yi ba fa, bai fi a sha ruwa a ajiye moɗa ba. Na ce sunan surukata gare ta. Tafinta ya yi dariya. Ya san al'adar sarai, na gani a idonsa, amma bai yi wa Bature bayani ba.

Ya juya wurin yarinyar, ya nuna ni: wace ce wannan? Tana ɓoye a bayan zanena. Ta ce, "Yaya ce." Haka take kirana tun da ta fara magana. Ni na koya mata.

Bature ya ja layi a littafinsa ya rufe. Tafinta ya ce ana satar yara a hargitsin nan, za a riƙe ta sai an yi bincike. Soja ya ɓamɓare hannunta daga zanena.

Sai a lokacin bakina ya buɗe. "Hadiza! Sunanta Hadiza! Ni na haife ta!" Ta waiwayo ta dube ni, baki buɗe, ta ma daina kukan. Ba wanda ya sake buɗe littafin. Tim, hatimi ya sauka a kan fasfo. "Wuce!" Mutum biyu suka ɗaga ni suka jefa a kwalekwale. Ƙarfe huɗu, ina ji ina gani, aka ɗora ta a mota da wasu yara uku, aka juya da su Duwala.

Kwana arba'in na yi a wannan tsallaken, Ngodoo tana tare da ni. Ashe hatimin da aka buga min na kora ne, ba komawa. Akawun Ingilishi ya ce maganar Faransawa ce. Faransawa suka aiko cewa in kawo shaida daga garinmu. Na kamo hanya, mota da ƙafa, ta Mamfe da Makurɗi har Lafia. A ofishin Di'o na yi sati uku ina zaman benci, sannan aka ce yarinyar da aka haifa a can ba ta cikin littafin nan, in nemi shaida a can. Can sun ce nan, nan sun ce can. Takaici ya hana ni ko kuka.

Wasiƙa biyar na sa aka rubuta min zuwa Duwala. Guda aka amsa, bayan damina biyu, da Faransanci. Na yi ta yawo da ita a Lafia har na samu wani fadan coci da ya iya karantawa. An ce yaran an kai su gidan sistocin coci, kuma babu mai suna Hadiza a cikinsu. Fadan ya ninke takardar ya miƙo min. Ya ce yaron da aka kawo ba suna a rubuce, sabon suna ake sa masa.

Mu biyu muka bar Lafia, muka zama uku, na dawo ni kaɗai. In tana raye, yanzu ta yi jikoki. Ban san da wane suna suke kiranta ba. Nata na gaskiya, sau ɗaya ta taɓa jin sa a bakina.