Yadda na yi kishi da Sifaniyancin matata

Assalamu alaikum Edita. Ina roƙon a sakaya sunana, domin duk waɗanda zan ambata suna raye, kuma ba su san na rubuto ba.

A da, a unguwarmu ta Gyaɗi-Gyaɗi, wanda ya yi yawon duniya ya dawo yana da wata kujera da ba kowa ake ba ba. Shi ake tambaya yadda ake sallar Idi a Khartum, shi ake kira idan baƙo ya sauka ba ya jin Hausa. Yanzu kuwa mai adaidaita zai zaro waya daga aljihu ya nuna maka titin da ka taɓa zama a Duwala, har da shagon da ke kwanar. Ni ina cikin waɗanda suka zauna a waccan kujerar. Fatauci ya kai ni Yamai da Duwala da Malabo, daga baya Khartum da Jidda, ina sayar da yadi da takalman fata, kuma duk inda na sauka sai na kwashi harshen wurin da kunne. Ina jin Faransanci da Larabci da Fulatanci da Turanci, ga Sifaniyanci da na tsinta a kasuwar Malabo, inda shi ne harshen gari. Ban da karatun allo, ban taɓa zama gaban malami don koyon ɗayansu ba, kuma da wannan nake tunƙaho. A majalisarmu ta ƙofar masallaci Tafinta ake ce mini, har wasu samarin ba su san sunana na yanka ba.

Babban ɗanmu ya tafi karatu Sifaniya, ya sami aiki a can, ya auri wata Musulma 'yar ƙasar, Allah ya ba su 'ya mace. Yarinyar ta tashi ba ta jin Hausa sai sannu da na gode. A ƙarshen mako sukan kira mu ta bidiyo. Ni ke riƙe wayar, Hajiya matata tana leƙowa ta kafaɗata, tana cewa in tambaye ta me ta ci, in gaya mata ta rame, in ce wa ya yi mata wannan kitson. Ni kuma in fassara. Gaskiyar magana Sifaniyancina na ciniki ne: nawa, kawo, zo, tafi, ya yi tsada. Kalma guda nake ɗauka in yi jiya da yau da gobe da ita, hannu da fuska su cika sauran. A Malabo wannan ya ishe ni shekaru. Yarinyar takan yi dariya, ubanta ya gyara mata abin da nake nufi, a wuce wurin. Amma ina jin daɗi ƙwarai cewa duk abin da zai wuce tsakanin Hajiya da jikarta sai ya bi ta bakina.

A wani gidan suna Hajiya ta haɗu da wata likita da ta yi ritaya, tana zaune a Tarauni, wadda ta yi karatunta a Kyuba, ƙasar da ake Sifaniyanci, tun tana budurwa. Hira ta kai su ga jikarmu, likitar ta ce idan Hajiya za ta riƙa zuwa za ta koya mata Sifaniyanci, ita ma tana neman wanda za ta motsa harshen da shi kada ya yi tsatsa. Hajiya ta dawo ta nemi izini, kamar yadda ta saba tun aurenmu, ko maƙwabta ba ta shiga sai ta faɗa mini. Na yi dariya na ce ta je. A raina na ba ta sati biyu. Matar da iyakar tafiyarta Makka, can ma a cikin ayarin Kanawa, ita ce za ta koyi harshen Turawa da furfura a kanta?

Abin da ban lissafa ba shi ne Islamiyya. Hajiya ta daɗe tana zuwa ta matan aure, ta yi sarfu, ta saba da rera kalma guda a juya ta ta kowace fuska. Mu a Hausa kalmar aiki zaune take, abin da ke gabanta ne ke motsi: na zo, zan zo, nakan zo, in zo. Masu Sifaniyanci kuwa wutsiyar kalmar suke canzawa, wani lokaci har cikinta. Zuwa a wurinsu venir ne, amma mai cewa yana zuwa vengo zai ce, wanda ya riga ya zo vine, wanda ya saba zuwa a da venía, mai alkawari vendré. Akwai wata siffa ta daban ta fata da roƙo, venga, akwai ta abin da bai faru ba amma ana son a ce ya faru, viniera. Kowacce kuma tana da tata ta ni da kai da shi da mu da ku da su. Bafaranshe ma yana da irin wannan, amma yana haɗiye rabin wutsiyoyin a baki, shi ya sa ɗan kasuwa yake tsira a Duwala ba a gane shi ba. Mutumin Sifaniya ba ya haɗiye komai. Hajiya ta ce ai wannan sarfu ne kawai, na Larabci ma ya fi shi rikici tunda shi har kan kalmar yake canzawa. Sai ta ɗora wa abin muryar Islamiyya. Tana tsintar shinkafa tana rerawa, tana tuƙa tuwo tana rerawa, muciya na bin kiɗan. Na ce mata harshe a kasuwa ake koyonsa ba a kicin ba. Ta ce to Alhaji, kai Allah ya ba ka kasuwa, ni kicin ya ba ni.

Watanni suka wuce. Wata rana suka kira, na ɗauka kamar kullum, yarinyar ta gaishe ni a gaggauce ta ce in ba kakarta. Na miƙa. Ina zaune ina kallo Hajiya ta fara ba ta tatsuniyar gizo, tana tuntuɓe, yarinyar tana gyara mata, su biyun suna ƙyalƙyala dariya. Tatsuniya tana buƙatar wanda ya iya cewa an yi, ana yi, da za a yi. Ni ban taɓa ba yarinyar nan labari ba, sai tambayoyi kamar ɗan sanda. Can sai yarinyar ta juyo da magana kaina, ta faɗi wata doguwar jimla tana murmushin tsokana. Na ji kalmomin amma ban kama inda suka dosa ba. Kafin in buɗe baki Hajiya ta ce wai cewa ta yi, da a ce za ta zo Kano, me angon nata zai yanka mata, ko tsohon ya tsufa da yawa ba zai iya kama rago ba. Ashe Hajiya ce ta koya mata wasan jika da kaka, ta gaya mata a wurinmu ita amaryar kakanta ce. Ɗana yana gefe yana dariya. Abin farin ciki ne ta kowace fuska, amma ni abin da na ji shi ne an yi mini tafinta a cikin gidana, a gaban ɗana, kuma matata ce ta yi.

Ba a daɗe ba wani maƙwabcinmu, da ƙanensa ke aikin gona a Sifaniya, ya sami saƙon murya daga mai gonar. Maimakon ya same ni a majalisa, sai ya tura matarsa cikin gida wurin Hajiya. Labari ya fito. Bayan sallar la'asar wani abokina, tsohon ma'aikacin gwamnati mai baƙin baki, ya ce jama'a a tashi a koma ciki, ofishin Tafinta ya koma bayan labule. Wani ya ce a'a, Alhaji ne shugaba, Hajiya babbar sakatare, kuma kowa ya san wanda ke aikin. Na yi dariya tare da su. Na koma gida ina jin muryarta daga kicin tana rera abinta, kowace kalma kamar da ni take.

A satin nan na janye izinin. Ban ce kishi ne ba, ko kaina ban gaya wa haka ba. Na ce hanyar Tarauni ta yi cunkoso, masu adaidaita ba su da hankali, shekarunta sun wuce yawan fita, kuma mutane sun fara magana. Ta saurara har na gama. Tambaya ɗaya ta yi, ta ce Alhaji ko na yi wani laifi ne. Na ce babu. Ta ce to. Da ta yi gardama da na sami abin riƙewa, amma ba ta yi ba. Ta daina zuwa, ta daina rerawa, kuma ban hana ta wannan ba, ita ta gane inda abin yake yi mini ciwo. Idan sun kira sai ta bar mini wayar ta koma bayan kafaɗata. Na sami kujerata. Sai dai yarinyar ta fara gajiya da mu. Takan gaishe mu, ta amsa tambayoyina, ta sulale ta bar ubanta da wayar. Ina ganin haka, amma na fi son ta gaji da mu duka da a ce ta zaɓi ɗaya.

Da hutun makaranta ya zo suka taho Kano, zuwan yarinyar na farko da wayonta. Tana sauka daga mota ta wuce ni da gudu ta faɗa jikin Hajiya, tana zuba mata magana kamar an buɗe famfo. Na ga Hajiya ta ɗago ta dube ni kafin ta amsa, sannan ta ba ta amsa gajera ta ce ta shiga ta sha ruwa. Haka aka yi ta yi. In ina tsakar gida, Hajiya ta zama kurma. Yarinyar ba ta san dalili ba, ta daina binta, ta koma maƙale da uwarta, abinci ma sai an lallashe ta.

Ɗana ne ya same ni a zaure. Ya zauna a ƙasa, ya daɗe yana murza hularsa, sannan ya ce Baba, yarinyar nan ta yi kuka jiya, tana tambaya me ta yi wa kakarta da ta daina son ta. Ya ce shi ya kasa koya mata Hausa, aiki ya cinye shi, kuma a duk duniya abin da ya ɗaure ta da Kano shi ne hirar nan da take yi da Hajiya. Saboda hirar ta matsa a zo. Ya ce ya tambayi mahaifiyarsa, ta ce babu komai, amma ya san babu komai irin nata. Bai zarge ni ba, bai ma ɗago kai ba. Na so in yi masa tsawa, sai na rasa a kan me.

Na shiga na gaya wa Hajiya ta yi magana da jikarta yadda take so, kuma ta koma wurin likitar. Ban ba ta haƙuri da baki ba a ranar, sai daga baya. Ta ce ta ji, Allah ya saka da alheri. Sauran kwanakin hutun suka shirya, yarinyar ta koma kwana a ɗakinta. Ni ma na gwada shiga, na yi mata wasan amarya da 'yan kalmomina, ta yi murmushin ladabi ta dubi kakarta. Yara suna gane wanda ake yin shiru in ya shigo.

Yanzu ta zama budurwa. Wayar Hajiya take kira kai tsaye. Hajiya takan kawo mini mu gaisa, sannan ta shige ɗaki ta saki labule. Ta yafe mini, na tabbata, amma ba ta sake yin Sifaniyanci a gabana ba. Na zauna da waya na gwada koyon juye-juyen nan da na raina, amma kaina ya riga ya bushe, abin da na haddace da safe ya gudu kafin azahar. Ba zan yi muku ƙarya ba, har yau in na jiyo dariyarsu ta bayan labulen nan sai wani abu ya soke ni. Bambancin kawai yanzu na san sunansa, kuma ba na barin ya yanke mini hukunci.

Ga 'yan uwana magidanta, musamman mu da muka saba a ce mu ne masu sani: izinin da matarka ke nema amana ce aka damƙa maka don ka kare ta, ba don ka kare girmanka ba. In ka ji kana jero dalilai masu kyau na hana ta wani alheri, tsaya ka tambayi kanka wanne ne na gaskiya. Ni na yi yawon ƙasashe, na ga maza suna kishi a kan dukiya da sarauta, ban taɓa zaton zan yi a kan ilimin matar da muka tsufa tare ba. Hajiya ta dawo da jikarta. Ni kuwa shekarun da jika ke wasa da kakanta sun wuce ban yi wasa da tawa ba, kuma yau gaisuwa ce kawai tsakaninmu.