Hoton Ƙugun Dalle

Duk ƙauyen nan na bakin teku a tsibirin Jindo an san Gwak Malsun da noman albasa mai lawashi da kuma baki. Ita kuwa cewa take ba baki gare ta ba, mutane ne ba sa son gaskiya. Mijinta Chunsik ya rasu ya bar mata gona, da 'ya ɗaya mai suna Jihye da ke aure a birni, da farar karya mai suna Dalle. Karyar nan ita ce mace ta ƙarshe a irin karnukan da ya yi rayuwarsa yana kiwo, kuma kafin ya cika sai da ya roƙe ta kada ta bari irin ya ɓace.

Ba ta manta roƙon ba. Amma akwai wani abin da shi ma ba ta manta ba. Dalle tana da ɗan'uwa, ciki ɗaya, wanda aka bai wa wani masunci. Bai daɗe da girma ba ƙafafunsa na baya suka fara sanyi, masuncin ya dawo da shi ya ajiye a ƙofar gida ko sallama babu. Malsun ce ta yi jinyarsa. Ita ke tallafe masa ciki da tsohon tawul in zai fita bayan gida, yana kuka tana zagin duk wanda ya zo bakinta, har ya mutu. Likitan dabbobi ya ce mata ciwon ƙugu ne, gadonsa ake yi, kuma da an ɗauki hoton iyayen kafin a haɗa su da an gani.

To ga shi Dalle ta isa barbara, kuma kowa ya san gidan da za a kai ta. Yayan mijinta, Heo Manbok, yana da farin kare mai suna Beom da ya ci kyauta a gasar karnuka ta gunduma, tun daga nan Manbok ke tafiya kamar shi aka duba wa haƙora. Al'adar ba ta da wuya. Mai karya ya kai ta gidan mai kare da kwalbar jar giya a hannu, dattawa su duba tsayuwar kunne da lanƙwasar jela, su gyaɗa kai, in an haihu mai kare ya fara zaɓen kwikwiyo. Babu mai tambayar lafiya. Tambayar lafiyar karen dattijo daidai take da ce masa gidansa da ƙazanta.

Malsun ta je da giyar, amma ba ta je da Dalle ba.

"Maman Jihye, ina amaryar?" in ji Manbok, abokan hirarsa suna dariya.

"Tana gida, Yaya. So nake a fara kai Beom asibiti a ɗauki hoton ƙugunsa."

Dariyar ta tsaya. Manbok ya ajiye kofinsa.

"Hoto? Fasfo za a yi masa? Ke, kalli karen nan da kyau. Alƙalai sun shafa shi tun daga hanci har jela."

"Gashi suka shafa, Yaya. Ƙashi fa?"

"Jinin gidanmu kike zargi ke nan. Uban Beom daga hannun mijinki ya fito, in kin manta."

"Shi ya sa nake tambaya. Ai ba kai ka kwashe kashin ɗan'uwan Dalle ba, ni ce."

Wani tsoho ya ce mata ta ji kunya, mace ba ta koya wa maza kare. Ta ce masa shi ma ya je a ɗauki hoton nasa ƙugun, ta ga yadda yake tashi daga tabarma. Ta juya ga Manbok ta ce tunda tsoro yake ji, ita za ta fara kai tata, kowa ya ga ba a mutuwa.

Ta kai ta kuwa, a bayan motar albasar maƙwabcinta, tana tafe tana shirya maganar da za ta yaɓa wa Manbok in ta dawo. Likitar, wata matashiya mai suna Na, mai magana a hankali, ta kunna hoton ta nuna mata da biro inda kan ƙashin cinya ya kamata ya zauna daram cikin gurbinsa. Na Dalle bai zauna ba, duka ɓangarorin biyu.

"Amma ba ta ɗingishi," in ji Malsun.

"Tukuna dai, Inna. Wataƙila ma ta daɗe ba ta yi ba in ana kula da ita. 'Ya'yanta ne ban ba ki tabbas ba."

Malsun ta zauna a benci ta yi kuka sosai, na baƙin ciki da na haushi. Ta zo kama karen wani, nata aka kama.

Labari ya riga ta isa gida. Ta zaci Manbok zai zo yi mata dariya, kuma da dariyar ya yi da ta fi sauƙi. Sai ya zo da fara'a da ledar busasshen kifi, wai a fara yi wa Dalle romo ta yi ƙarfi.

"Ki kawo ta gobe," ya ce. "Waye zai sani? Farin kare da farar karya, 'yan kwikwiyon ko yaye ba za a yi ba mutanen birni za su kwashe. In ƙafa ta lalace can, ai a hannunsu ta lalace."

"Yaya, ɗauki kifinka."

"Ke dai ba kya jin..."

"Na ce ɗauki kifinka ka fita, kafin in manta kai wan mijina ne!"

Satin bai ƙare ba ta mayar da Dalle asibiti aka cire mata mahaifa. Beom kuwa ba wanda ya kai shi ɗaukar hoto. Dangin miji suka daina gaishe ta a kasuwa. Matan da suka sha cin lawashinta kyauta suka ce taurin kai ne ya hana ta ganin girman mamaci, kuma cikinsu babu wadda ta taɓa leƙo ta lokacin da take jinyar wancan karen.

Da bikin girbi na kaka ya zo, dangi suka hau tudu da safe gyaran kaburbura, aka jera tuffa da wainar shinkafa a gaban na Chunsik. Manbok ya tsiyaya giya, ya ja baya, ya ce da ƙarfi yadda kowa zai ji:

"Maman Jihye, matso ki faɗa masa da bakinki abin da kika yi wa irinsa."

Ta matso ta durƙusa, gwiwoyinta suna ƙara.

"Baban Jihye, na karya maka alkawari. Daga Dalle babu sauran. Ka yi fushi in za ka yi, in na zo ma ƙarasa faɗan."

Ta miƙe ba wanda ya ba ta hannu, ta gangaro ita kaɗai. A gindin tudun wata mota ta tsaya kusa da ita, wani baƙo ya leƙo, farar karya zaune a kujerar baya, kwalbar jar giya a gefensa. Ya gaishe ta da ladabi, ya ce don Allah ina ne gidan mai Beom.