Zarami Mai Igiya da Burabuskon Ya Meram

Duk wanda ya taɓa sayen sa a Kasuwar Shanu ta Potiskum ya san Zarami, ko da bai san sunansa ba. Shi ne dogon mutumin nan mai hula zanna da ke zaune kusa da ƙofar shiga, igiyoyi rataye sama da kansa. In ka sayi dabba ka taho kana murna, a rumfarsa za ka tuna cewa ba a jan sa da fatar baki. Ya zo garin nan yana ɗan shekara goma sha tara daga Garin Modu Kolo, wani ɗan ƙauye da ke bayan Damagum, da niyyar ya ci rani ɗaya ya koma. Shekara talatin da uku ke nan, ranin bai ƙare ba. Ya yi aure, ya gina gida a Bolewa, ya aurar da 'ya'ya biyu, amma in ka tambaye shi sai ya ce maka shi mutumin ƙauye ne, zama kawai ya kama shi a nan.

Ni Hussaini maƙwabcinsa ne, katanga ɗaya ta raba mu, don haka ba labari aka ba ni ba. Zarami ba ya cin amana, ba ya shiga sabgar da ba tasa ba, kuma igiyarsa ba ta tsinkewa. Aibinsa ɗaya ne: ba a ajiye kwano a gabansa ya ci ya yi shiru. Shinkafa, in ji shi, abincin marasa lafiya ce. Taliya kuwa igiya ce aka dafa, kuma shi da yake sayar da igiya ba za a yaudare shi ba. Sai ya zage abincin tas, sannan ya cinye ya suɗe kwano. Daga nan ya gyara zama ya ɗauko mana karatun da muka haddace: burabuskon gero na garinsu, wanda aka ɓarza a turmi aka turara a tukunyar ƙasa, da miyar kuka mai daddawar batso da busasshen kifi, a kwarara man shanu har ya kwanta a gefe.

Matarsa, Halimatus Sa'adiyya, ta gwada yi masa sau uku. Duk ukun ya ci ya ce mata, "Kin yi ƙoƙari." Mace mai hankali ta san abin da wannan ke nufi. A na ukun ta ɗauke kwanonta ta ce, "Malam, hanyar garinku ba a toshe take ba."

Mu dariya muke yi masa, amma akwai gaskiya a ƙarƙashin cika bakin. Burabuskon da yake magana na mahaifiyarsa ne, ta rasu shekara ashirin da suka wuce. Hannu ɗaya ya rage a duniya da ya san yadda take yin sa, hannun ƙanwarta Ya Meram, wadda ta haura tamanin. Wata rana muna zaune a ƙofar gida ya ce mini, ba da wasa ba, "Malam Hussaini, ina tsoron tsohuwar nan ta tafi ban sake ci ba." Na ce to me ya hana ka zuwa? Ashe yana zuwa. Yana zuwa ta'aziyya, yana zuwa gaisuwar Sallah, ya tsuguna ya sha ruwa ya taso kafin motar ƙarshe ta wuce. Da aka shiga shekarun da aka hana hawa babur, sai ya samu uzuri mai kyau ya rungume shi: ba abin hawa, hanya ba lafiya. Da aka ɗage dokar ya sayi sabon babur, uzurin ya mutu ya bar shi a fili.

Zulkifli tela ne ya ƙure shi. Ya ce, "Gani ya kori ji. Asabar mai zuwa ka kai mu mu ci, ko kuma ka bar mu mu ci taliyarmu cikin kwanciyar hankali." Ochai mai sayar da kayan gyaran babur, wanda ya shekara goma sha biyar a garin nan har Hausa ta zauna a bakinsa a karkace, ya ce shi ma ba za a bar shi a baya ba. Zarami ya buga ƙirji. Ran Alhamis ya kira wayar Yagana, surukar Ya Meram, ya ce a gaya wa tsohuwa yana tafe da manyan baƙi daga gari.

Mun tashi da hantsi, babura uku, ni a bayan Zarami. Ya hana mu karyawa, wai kada mu ɓata wuri. Lokacin kaka ne, gero dami-dami a gonaki hagu da dama, amalanke na ta jigila. Muka wuce Damagum, muka saki kwalta muka faɗa yashi. Ochai ya faɗi sau biyu, Zulkifli ya yi ta salati, Zarami kuwa yana ta nuna mana da haɓa: ga kukar da ya faɗo daga kanta, ga rijiyar da kakansa ya haƙa, ga gonar da ya noma shi kaɗai a yini ɗaya. Gonar nan, in ka gan ta, ko mutum biyar sai sun kwana.

An karɓe mu kamar mun dawo daga Makka. Aka shimfiɗa mana sabuwar tabarma a gindin tsamiya a ƙofar gida. Ya Meram ta fito tana dogara sanda, 'yar ƙarama, fuska duk tsage, tana "Wushe, wushe," ta gaishe mu ɗaya bayan ɗaya har da tambayar iyayen Ochai da ke can Binuwai. Can sai ga Yagana da manyan kwanuka masu murfi, irin na jere waɗanda ba a saukewa sai da dalili. Zarami ya naɗe hannun riga. Ya ce mana kada wanda ya nemi cokali, kuma a ci a hankali, wannan ba abincin yara ba ne. Ya yi bisimilla ya ɗaga murfi.

Taliya ce, dafa-duka, ta sha tumatirin gwangwani ta yi jawur. Ya ɗaga na biyu: shinkafa fara. Ga lemon kwalba huɗu, da cokula huɗu sababbi.

Zulkifli ya leƙa kwanon ya ce, "Ikon Allah. Ashe burabuskon garinku dogo ne." Ochai ya ce, "Oga Zarami, wannan igiya naka ya biyo mu har nan?" An gudu ba a tsira ba ke nan. Amma wa zai buɗe baki? Yagana ta riga ta gaya mana, tana murmushi, cewa tun jiya ta taka har bakin kwalta ta shiga Damagum don ta samo abin da ya dace da mutanen gari. Muka ci muka yi santi, Zarami ya fi kowa yabawa, yana haɗiya kamar mai shan maganin zazzaɓi.

Mako biyu bayan nan ya ce mu koma, ya gano inda aka samu kuskure. Wannan karon a gabana ya yi wayar. Ya ce, "Yagana, ki gaya wa Ya kada ta wahalar da kanta. Abin da kuke ci shi za mu ci." Ina jin haka na san mun shiga uku. A ƙasar nan in baƙo ya ce kada a wahala, ai cewa ya yi a ninka. Muka isa muka tarar an yanka zakara, an dafa shinkafa da kori, an yanka kabeji an zuba masa farin man nan na kwalba da ake sa wa a bikin 'yan boko. Ochai ya ce rabonsa da irin wannan tun Kirsimeti, kuma shi daga yau ya zama ɗan garin.

Tafiyar ta zama al'ada. Zulkifli ya kira ta yawon cin abincin gargajiya, yana faɗa yana kallon Zarami ta wutsiyar ido. Mu dai ba mu yi asara ba, ga iska ga ƙoshi. Zarami ne yake ramewa a tsaye.

A zuwa na huɗu, muna zaune a gindin tsamiya an kawo mana makaroni, sai iska ta juyo daga cikin gida. Ni ma na ji: daddawar batso, da hayaƙin kara, da ƙaurin man shanu. Zarami ya ajiye cokali. Ya tashi ya shige ciki, ba sallama. Gidan ƙauye kuwa zana ce ta kewaye shi, zana ba ta riƙe sirri, duk abin da aka faɗa a kunnenmu.

Daga baya ya ce mini ya same su ne a bayan rumbu, Ya Meram da Yagana da matan gidan, sun kewaye akushi ɗaya na burabusko. Tsohuwar na ganinsa ta jawo faifai ta rufe, kamar an kama ta da kayan sata. Mun ji ya yi mata magana da Kanuri. Ita kuwa da Hausa ta amsa masa, Hausar da take yi wa masu allurar rigakafi da masu sayen wake.

"A'a, Alhaji, koma wajen mutanenka. Wannan ba na baƙo ba ne."

Shi ma ya koma Hausa. "Ya, ni ne baƙo? Ni Zarami, ɗan yayarki?"

"To mene ne?" in ji ta, ba da faɗa ba. "Mutum ya buga waya ran Alhamis, ya zo ran Asabar da babur uku, ya zauna a ƙofar gida, kafin la'asar ya tafi. A garinku yaya ake kiransa? Mu a nan baƙo muke cewa. Baƙo kuma ba a ba shi abin kunya."

Ban taɓa jin tausayin mutum kamar yadda na ji nasa a ranar ba. Ya fito ya zauna ya ɗauki cokalinsa. Zulkifli, wanda bakinsa ba ya mutuwa, ya sunkuyar da kai yana ta juya makaroni. Muka koma gida ba wanda ya nuna wa wani kuka ko rijiya.

Kwana uku Zarami yana cin abin da aka ba shi bai ce uffan ba. Har Halimatus Sa'adiyya ta leƙo ta tambayi matata ko mun ba mijinta wani abu a hanya, don ta dafa taliya ya ce mata an gode.

Ran Laraba, ranar da kasuwar shanu ke ci, ranar da ko zazzaɓi bai taɓa kwantar da shi a cikinta ba, aka wayi gari rumfarsa a rufe. Masu sayen shanu suka yi ta cirko-cirko. Babur ba ya gida, waya a kashe. Sai washegari da yamma na gan shi ya dawo, riga duk ƙaiƙayi. Ya zauna a kan dakalina ya buɗe mini tafin hannunsa, duk sun yi bororo, wasu sun fashe.

Ya ce shi kaɗai ya tafi, bai gaya wa kowa ba. Ya tarar ana sussuka, ba wanda ke da lokacin shimfiɗa tabarma. Ya Meram na ganinsa ta dafe ƙirji ta ce, "Wa ya mutu?" Ya ce ba kowa. Ta ce to me ya kawo ka? Ya ce ba komai, zuwa kawai ya yi. Daga nan ta wanke shi tas, da Kanuri, tun daga ranin da ya tafi ci har zuwa kabarin uwarsa da bai san an sake kewaye shi ba. Yana tsugune a ƙasa, hula a hannu, matan gida na jin komai. Da ta gaji, ta tura masa wani tsohon kwano da ƙafa. Ɗumamen burabuskon jiya ne, ko murfi babu.

Na ce, "To, yaya ka ji shi?"

Ya ce, "Gishiri ya yi yawa. Akwai tsakuwa a ciki, idonta ya tafi. Na mahaifiyata ya fi shi nesa ba kusa ba."

"Ka ci?"

"Har na kankare." Ya goge ido da bakin riga. "Ban ma gama ba ta ce, in ka ƙoshi ka tashi, dangar bayan gida ta faɗi tun damina, kowa ya zuba mata ido, ba zama ka zo yi ba."

Mutum ɗan shekara hamsin da biyu, mai jikoki, yana ba ni labarin an zage shi an ba shi kwantai an sa shi aikin danga, yana hawaye yana washe baki kamar wanda aka naɗa sarauta. Na ce Allah ya ƙara wa tsohuwa lafiya. Ya ce amin, ya miƙe da ƙyar yana dafe da ƙugu. Har ya kai ƙofarsa ya juyo.

"Jibi zan koma, saura ɓarin gabas. Don Allah kada ka gaya wa su Zulkifli. In suka biyo ni, tabarma za a shimfiɗa."