Rumana a Tudun Tsohon Gari

Duk sanda ruwan farko ya sauka ƙasa ta yi wannan ƙamshi nata, rumana nake tunawa. Wataƙila ba ka san ta ba. Tsiro ce ta daji mai ganye kamar takobi, furenta ruwan ɗorawa da ɗigo-ɗigon ja, gindinta kuma kamar ƙaramar albasa mai tauri. Ba ta son inda ruwa ke kwanciya, sai tsakanin duwatsu. Da rani ta ɓace ɓat, da damina ta fito daidai inda take bara.

Ina yarinya, lokacin muna cikin Jihar Sakkwato, ƙanena ya kamu da atuni har idanunsa suka faɗa. Inna ta gwada duk abin da aka faɗa mata. Kakata ta ce rumana za a jiƙa masa, kuma wuri ɗaya ta san tana fitowa: tudun tsohon garinmu, wanda ruwan Kainji ya cinye tun kafin a haife ni. Kan tudun kaɗai ya rage, ya zama tsibiri, ba mai zuwa.

Kawuna ya tuƙa mu daga Wara da hantsi. Da muka matso, na leƙa ruwa na ga kututturan itatuwa tsaye ƙarƙashinmu. Kawu ya ƙi sauka daga kwalekwale. Kaka ta riƙe hannuna, ta yi sallama da ƙarfi kamar mai shiga gidan mutane. Ko tsuntsu bai yi kuka ba.

Rumanar na nan a jere, layi ɗaya miƙaƙƙe. Kaka ta ce nan darnin mahaifiyarta yake, ita ta dasa su. Ta durƙusa da 'yar fartanyarta, sai ta tsaya cak. A ƙarshen layin an riga an tona, ƙasar ɗanya. Kan wani falalen dutse ga kawunan rumana a wanke, an ɗaure su da ganyensu, ruwa bai ko bushe ba. Na duba yashi, sawunmu kaɗai na gani.

"Kaka, wa ya aje?"

"Ɗauko, ɗiyata. Kada ki waiga."

Ta ce "mun gode" a hankali, muka sauko. Sai tsakiyar ruwa ta sake magana, tana shafa ƙullin da yatsa: "Haka Innata ka ɗaure su."

Ƙanena ya tashi cikin makon nan. Kawu ya ce masunta ne suka aje ƙullin, amma bai sake bi ta wurin ba har ya rasu.

Bara na koma cikin jirgi mai inji. Tudun ya zama gonar albasa, injin ban ruwa na ta ƙara. Saurayin da ke noma wurin ya yi mini ƙorafin wata ciyawa da yake tugewa duk shekara, tana dawo masa a layi ɗaya. Ya ce, "Hajiya, ko kin san sunanta?" Na faɗa masa sunan. Sauran ban faɗa ba, don shi kaɗai yake wuni a wurin.